Harafin Sa'a na Jafanawa da Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ajiya

A ƙasar Jafan, yaron da ke aji uku na firamare, wato ɗan shekara takwas zuwa tara, wajibi ne ya koyi sababbin haruffa 200 kafin shekarar karatu ta ƙare. Waɗannan haruffa sun sha bamban da namu na boko, inda kowane harafi ke wakiltar sauti kawai. Sunansu kanji, kuma kowane ɗaya yana ɗauke da ma'anarsa da siffarsa, galibi kuma da lafazi fiye da ɗaya. Daga cikin ɗari biyun nan akwai wannan: 運. Ana furta shi “un”, ma'anarsa kuwa sa'a. Wanda bai saba da rubutun Jafananci ba, in ya dube shi sai ya ga kamar an watsar da tsinken ashana a kan takarda. Ko da an ba shi minti guda ya ƙura masa ido, in aka rufe aka ce ya rubuta, da wuya ya kawo rabinsa.

A wannan maƙala za mu koyi wannan harafi ɗaya tak tare da mai karatu, sa'an nan mu bi sawunsa mu ga inda yake shiga a cikin kai, da abin da ke sa ya zauna ko ya zube. Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan ɗalibin sakandare da harafin Jafanawa? To, an zaɓe shi ne domin baƙo ne ga kowa. Babu wanda zai ce ya taɓa gamuwa da shi a gida ko a kasuwa, saboda haka duk abin da ya zauna a kai bayan an karanta wannan shafi, dabarar koyo ce ta zaunar da shi. Ita ce kuwa dabarar da ɗalibi ke bukata ranar da ya tasa sunayen ƙasusuwan jikin ɗan Adam a gaba, ko jadawalin sinadarai, jarrabawa kuma saura mako uku.

Kayan da ɗalibin Jafan ke ɗauka

Asalin kanji daga ƙasar Sin ne. Sun shiga Jafan ta hanyar Koriya, kuma zuwa ƙarni na biyar na miladiyya an riga an fara rubutu da su a can. Da yake Jafananci da Sinanci ba dangin juna ba ne, sai Jafanawa suka riƙe lafazin da harafi ya zo da shi daga Sin, suka kuma ɗora masa kalmarsu ta gida mai irin wannan ma'ana. Shi ya sa 運 ke da karatu biyu: “un”, wanda ya samo asali daga Sinanci, da kuma “hakobu” na gida, wato ɗaukar kaya daga wani wuri zuwa wani.

A 1946 gwamnatin Jafan ta taƙaita kanji na amfanin yau da kullum zuwa 1,850. A 1981 aka sabunta jerin ya koma 1,945, a 2010 kuma ya kai 2,136. Daga cikinsu, 1,026 ne ake koyarwa a shekaru shida na firamare tun daga 2020, sauran kuma a sakandare. Yaron Jafan yana da shekaru a gabansa, kuma duk inda ya juya, a tashar jirgin ƙasa ko a jikin kwalin madara, haruffan nan yake gani. Baƙon da ya je ƙasar da girmansa ba shi da wannan gata. Wani Ba'amurke malamin falsafa mai suna James Heisig, wanda ya yi aiki a Jami'ar Nanzan da ke birnin Nagoya, ya fitar da littafi a 1977 domin irin waɗannan baƙi. Shawararsa ita ce a daina kwafar harafi sau ɗari kamar yadda yara ke yi. A farfasa shi gida-gida, a ba kowane gida suna, sa'an nan a ƙulla gidajen da ɗan labari. Hanyar da za mu bi a nan 'yar'uwar tasa ce, amma labarin namu ne.

Mu feɗe harafin

Idan Bajafane zai rubuta 運, sau 12 zai ɗora alƙalami ya ɗaga. Kowace ɗorawa za mu kira ta zane ɗaya. Zane 12 kuwa sun yi wa ma'ajiyar wucin gadi ta ƙwaƙwalwa yawa. A 1956 George Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a kai a lokaci guda bai wuce guda bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Binciken da Nelson Cowan ya tattara a 2001 ma ya rage adadin zuwa wajen huɗu. Sai dai Miller ya lura da wani abu mai muhimmanci: ƙwaƙwalwa ƙunshi take ƙirgawa, ba ta damu da abin da ke cikin ƙunshin ba. Shi ya sa muke karanta lambar waya kashi-kashi.

To, zanen nan 12 ƙunshi uku ne kawai. A tsakiya akwai 車, mai zane 7. Wannan tsohon hoton keken doki ne kamar an hango shi daga sama, da sandar da ta ratsa tsakiya da akwatin da ake zama. A Jafanancin yau ana karanta shi “kuruma”, kuma shi ne mota. Mu kira shi amalanke. A samansa akwai 冖, mai zane 2, kamar murfi ko tamfol da aka lulluɓa. A hagu kuma, ya zagayo ta ƙasa, akwai 辶, mai zane 3, wanda ke zuwa a cikin haruffa masu alaƙa da tafiya da hanya. Bakwai da biyu da uku, sha biyu ke nan.

Yanzu mai karatu ya ɗan dakata ya hango wannan a zuciyarsa. Ga amalanke na tafe bisa hanya, san da ke jansa yana nishi, “unnn”, saboda nauyi. An lulluɓe kayan da tamfol, babu wanda ya san abin da ke ƙasa. Ƙila buhunan gero ne, ƙila kuwa duwatsu ne. Duk ƙofar gidan da ya tsaya, mai gidan ya karɓi abin da ya zo masa. Wannan ita ce sa'a. Ɗan labarin nan ya ɗauko mana gidajen harafin uku, da ma'anarsa biyu, wato ɗaukar kaya da sa'a, har da lafazinsa a cikin nishin sa. Ga “hakobu” kuwa, sai a tuna da mutumin da ya haƙo buhu daga rami ya saɓa a kafaɗa: haƙo buhu, hakobu.

Tamfol ɗin nan yana da amfani ta fuska biyu. Da farko, 運 bai ce sa'ar mai kyau ce ko mummuna ba. Sai an ƙara masa wani abu: 幸運, “koun”, kyakkyawar sa'a, 不運, “fuun”, rashin sa'a. Na biyu, akwai wani harafi, 連, wanda yake hanya ce da amalanke amma babu murfi, ma'anarsa kuwa haɗawa ko tafiya tare da wani. Wanda labarinsa bai ambaci tamfol ba, ranar da ya gamu da 連 zai rantse cewa sa'a ya gani.

Daga wannan harafi ɗaya ƙofofi da dama kan buɗe. “Undo”, 運動, shi ne motsa jiki. “Unten”, 運転, tuƙin mota. “Unga”, 運河, hanyar ruwa da aka haƙa domin jiragen dakon kaya. “Unmei”, 運命, ƙaddara. Ma'anar asali ita ce motsi da juyawa, daga nan ta miƙe zuwa juyin zamani da abin da yake kawo wa mutum. Abin sha'awa ne a lura cewa Hausa ma ta bi makamanciyar wannan hanya: kalmar “sa'a” da muka aro daga Larabci lokaci take nufi, amma a bakinmu ta zama har da dace.

Me ya sa labari ke kamawa?

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye sabon abu a fili shi kaɗai. Sai ta sami tsohon abu ta rataya shi. Zane 12 na baƙon harafi ba su da maratayi a kan Bahaushe, amma amalanke da tamfol da nishin sa suna da shi tun yana ƙarami. Aikin labari shi ne ya ara wa baƙon abu maratayin tsofaffi.

An gwada wannan da ƙididdiga. A 1969 Gordon Bower da Michal Clark na Jami'ar Stanford suka ba ɗalibai jeri 12 na kalmomi, kowane jeri kalma 10. Rabin ɗaliban aka ce su ƙulla kowane jeri ya zama labari, sauran kuma su haddace yadda suka ga dama, cikin lokaci daidai da na 'yan'uwansu. Da aka tambayi kowa nan take bayan kowane jeri, duka ɓangarorin biyu sun kawo kusan komai. Amma da aka gama aka ce a kawo jeri goma sha biyun gaba ɗaya, masu labari suka tuna kashi 93 cikin ɗari, sauran kuwa kashi 13. A 1975 Richard Atkinson da Michael Raugh suka gwada irin dabarar nan ta “haƙo buhu”, wato a nemo kalmar gida mai kama da sautin baƙuwar kalma, a kan kalmomin Rashanci 120. Masu dabarar suka ci kashi 72, marasa ita kashi 46.

Hoto ma yana da nasa ƙarfi. Lionel Standing, a Kanada, ya nuna wa mutane hotuna 10,000 cikin 'yan kwanaki, a wani bincike da ya buga a 1973, daga baya suka iya tantance fiye da kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka gwada su a kai. Allan Paivio ya bayyana dalili a 1971 da cewa abin da aka ajiye da kalma kuma aka ajiye da hoto yana da hanya biyu ta komawa gare shi. In ɗaya ta toshe a bi ɗaya.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan tun kafin ya ji sunan waɗannan masana. Malamanmu na da ba su bar haruffan Larabci tsirara ba, sai da suka raɗa musu sunayen da ke zana siffarsu: ɗa mai hannu, saboda sandar da ta miƙe a kansa, ha mai ruwa, saboda ɗigonsa, an baki wofi, saboda bakinsa a buɗe. Yaro ɗan shekara biyar da ya ji “baki wofi” ya riga ya ga harafin kafin ya dubi allo.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana aika saƙo ga wasu ta wurin 'yan mahaɗai, inda ƙarshen wannan ke fesa sinadari, waccan kuma ta karɓa. Koyo, a idon masanin halittu, canji ne a ƙarfin waɗannan mahaɗai. Donald Hebb ya kawo wannan ra'ayi a 1949: idan ƙwaya ɗaya ta yi ta tayar da wata a kai a kai, mahaɗar da ke tsakaninsu za ta ƙara ƙarfi. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka buga sakamakon gwajin da suka yi a birnin Oslo a kan zomaye, inda suka ga wannan ƙarfafuwa da na'ura, ta kuma ɗore sa'o'i bayan an daina tayar da jijiyar.

Wurin da suka yi gwajin shi ne hifokamfus, wani lanƙwasasshen sashe da ke can ciki daura da kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Muhimmancinsa ya fito fili ne ta hanya mai ban tausayi. A 1953, a garin Hartford na Amurka, likitan tiyata William Scoville ya cire mafi yawan wannan sashe, dama da hagu, daga kan wani saurayi ɗan shekara 27 mai suna Henry Molaison, domin a sauƙaƙa masa farfaɗiya mai tsanani. Farfaɗiyar ta ragu. Amma daga ranar har rasuwarsa a 2008, kusan duk wani sabon abu da ya faru gare shi ba ya zama. Yana tuna ƙuruciyarsa, yana hira lafiya lau, amma in baƙo ya fita ya dawo bayan 'yan mintoci sai an sake gabatar da shi. Da a ce an ba shi labarinmu na amalanke, zai fahimta sarai, zai ma iya maimaitawa, amma da hankalinsa ya koma wani wuri shi ke nan.

Brenda Milner, wadda ta shafe shekaru tana nazarinsa, ta gano wani abin mamaki. Ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta cikin madubi kawai, aikin da ke rikita kowa da farko. Cikin kwana uku hannunsa ya ƙware, alhali kullum sai ya ce bai taɓa yin wannan aiki ba. Ashe ajiyar hannu daban take da ajiyar labari, kuma ba hanya ɗaya suke bi a ƙwaƙwalwa ba. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kuwa Eric Kandel, wanda ya sami kyautar Nobel a 2000, wata dabbar teku ya zaɓa, dangin dodon koɗi, mai suna Afilisiya. Ƙwayoyin jijiyarta kimanin 20,000 ne kawai, wasunsu kuma manya ne har ana iya ganinsu ba tare da madubin ƙara girma ba. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa tunawa ta ɗan lokaci ƙarfafa tsofaffin mahaɗai ce kawai, amma tunawa mai ɗorewa sai ƙwayar ta ƙera sababbin furotin, har siffar mahaɗan da yawansu su canza. Gini ne na zahiri, gini kuwa yana cin lokaci. A wani gwaji da suka buga a 1972, sun riƙa taɓa dabbar har ta saba ta daina janye jikinta. Waɗanda aka taɓa sau 10 a kowace rana har kwana huɗu, sabon ya zauna musu har makonni. Waɗanda aka yi musu duka 40 ɗin a zama ɗaya, sabon bai yi irin wannan ƙarko ba. Adadin ɗaya ne, rabon lokacin ne ya bambanta. Ɗalibin da ke kwana zaune a daren jarrabawa yana cusa karatun zango guda, abin da yake yi wa kansa ke nan irin na rukuni na biyu.

Inda dabarar ke gazawa

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin masu tallar dabarun hadda sukan tsaya ne a kan kashi 93 ɗin nan su yi shiru. A 1992 Alvin Wang da Margaret Thomas suka gwada dabarar hoto a kan haruffan Sinanci, wato ainihin irin aikin da muke yi a nan. Masu hoto sun fi masu maimaici a gwajin nan take. Bayan 'yan kwanaki kuwa fifikon ya ɓace, har ma aka ga sun fi saurin mantuwa. Labari yana shigar da abu da sauri, amma shi kansa labarin abin mantawa ne.

Mantuwa kuwa tana da tsari. Hermann Ebbinghaus, Bajamushe, ya yi gwaji a kan kansa da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya buga sakamakon a 1885. Yakan haddace jeri, ya bari lokaci ya wuce, sa'an nan ya auna yawan wahalar da ta ragu masa wajen sake haddace shi. Bayan minti 20, kashi 58 ne na aikin ya rage a ajiye. Bayan sa'a guda, 44. Bayan kwana ɗaya, wajen 34. Bayan wata guda, 21. Wato mafi yawan asarar a farko-farko take aukuwa, daga nan sai ta lafa. A 2015 wasu masana a Amsterdam suka maimaita gwajin, suka sami kusan abin da ya samu.

Akwai kuma wani tarko na daban, wanda malamai musamman ya kamata su kula da shi. Labarin amalanke da tamfol mu muka ƙirƙira shi. Ba shi ne tarihin harafin ba. A haƙiƙa murfi da amalanke haɗe suke, harafi ne guda mai zaman kansa, 軍, ma'anarsa runduna, ana karanta shi “gun”. An sa shi a cikin 運 ne domin ya nuna lafazi, ita kuwa hanyar da ke gefe ta nuna ma'ana. Haka Xu Shen ya fassara shi a cikin ƙamusun da ya tsara a Sin wajen shekara ta 100 ta miladiyya, mai haruffa 9,353, waɗanda fiye da kashi uku cikin huɗu nasu irin wannan gini ne na rabi ma'ana rabi sauti. Dubi kuma 幸, wani harafin na sa'a da jin daɗi, mai zane 8. Masana da yawa na ganin asalinsa hoton mari ne da ake ɗaure hannun fursuna da shi. Kuma in aka rage masa zane ɗaya sai ya koma 辛, mai nufin yaji da wahala. A ganina babu laifi ɗalibi ya yi amfani da labarin ƙirƙira, muddin ya san na ƙirƙira ne. Laifin yana zuwa ne idan malami ya koyar da shi a matsayin gaskiyar ilmi, ko kuma ɗalibin nazarin halittu ya haddace jerin matakan rabuwar ƙwayar halitta da wata 'yar waƙa, ya ɗauka ya san darasin, alhali bai san abin da ke faruwa a kowane mataki ba.

Matsayin labarin kamar na sandunan da magina ke tokare sabon rufin kankare da su ne. Dole ne a sa su, amma ana sa ran ranar cire su. Bajafanen da ke karanta jarida ba ya tuna wani amalanke. Yana ganin 運 ma'anar ta faɗo masa, kamar yadda mai karatu ba ya tsayawa harhaɗa baƙi da wasali a wannan layi.

Abin da ke sa kankaren ya kama

Abu na farko shi ne a rufe littafi a jarraba kai. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka koya wa ɗalibai a Amurka kalmomin Suwahili 40. Bayan kowa ya iya su, wasu suka ci gaba da amsa tambayoyi a kansu, wasu kuma aka daina tambayarsu kalmar da suka riga suka ci. Bayan mako guda, waɗanda aka ci gaba da tambaya suka tuna kimanin kashi 80, sauran kuwa wajen kashi 35, kuma ƙarin karantawa bai canza wannan ba. Lalubo abu daga cikin kai shi ne ke ƙarfafa hanyar zuwa gare shi. Sake karantawa yana da daɗi domin komai sai ya zama kamar sananne, amma sanin fuska ba sanin suna ba ne.

Sai tazara. Sebastian Leitner, wani ɗan jarida, ya bayyana wata hanya mai sauƙi a 1972. A yanka 'yan katuna, a rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, a tanadi akwati mai gida-gida. Katin da aka ci ya matsa gida na gaba, wanda ba a cika dubawa ba. Wanda aka faɗi ya koma gidan farko, da ake dubawa kullum. Kwalin sukari da almakashi sun isa. Akwai manhajojin kwamfuta da na waya da ke yin wannan lissafi da kansu, kuma ɗaya daga cikin sanannunsu, Anki, sunanta ma kalmar Jafananci ce mai nufin hadda. Masu tilawa a tsangaya sun daɗe da sanin cewa abin da ba a koma masa ba yakan gudu.

Sai kuma hannu, wanda muka ce za mu dawo kansa. Kowane kanji yana da tsarin rubutawa da ba a saɓawa. A 運 ana fara murfi, a bi da amalanke, hanya ce ƙarshe duk da cewa tana hagu. Tsarin yana sa hannu ya bi turba ɗaya kullum har ya haddace ta da kansa. Idan Bajafane ya manta wani harafi, sau da yawa za a ga yana zana shi da yatsa a iska ko a tafin hannunsa. Suna kiran wannan “kusho”. Masato Sasaki ya yi nazarinsa a shekarun 1980, ya ga cewa idan aka hana mutane motsa yatsa, sun fi kasa gano harafin da ake nema daga gidajensa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Jafan, irin su Makoto Iwata a 1984, sun kuma bayyana majinyatan da ciwo ya taɓa wani sashe na hagun ƙwaƙwalwarsu suka sami matsala da kanji, alhali haruffan sauti na Jafananci, waɗanda ake kira kana, ba su tabu sosai ba. Ke nan rubutu iri biyu a harshe ɗaya ba su dogara da turba guda ba a cikin kai.

Barci ma yana cikin aikin. A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton suka sa na'ura a hifokamfus na ɓeraye, suka ga cewa ƙwayoyin da suka yi aiki tare lokacin da ɓeran ke yawo a farke, su ne ke sake tashi tare yana barci, kamar ana maimaita darasi. Tun a 1924 John Jenkins da Karl Dallenbach suka nuna cewa wanda ya yi barci bayan hadda ya fi wanda ya zauna a farke riƙewa.

Gwaji domin aji

Malamin da ke son ɗalibansa su gani da idonsu zai iya yin wannan ba tare da ɗakin gwaji ba. Ya zana 運 da 連 da 軍 da 幸 da 辛 a kan manyan takardu tare da ma'anarsu. Ya raba ajin gida uku ta hanyar ƙuri'a, kada ya zaɓa da kansa, domin kada masu ƙoƙari su taru a wuri ɗaya. Rukunin farko su kwafi haruffan sau da yawa har minti goma sha biyar. Na biyu a nuna musu gidajen kowane harafi, su ƙirƙiri labarinsu da kansu cikin minti goma sha biyar ɗin. Labarin da mutum ya ƙaga da kansa ya fi wanda aka ba shi zama, kamar yadda Norman Slamecka da Peter Graf suka nuna a 1978 game da kalmomin da mutum ya samar da kansa. Rukuni na uku su yi labarin cikin minti tara, sa'an nan a ba su minti biyu-biyu a rana ta biyu da ta huɗu da ta shida, su rubuta haruffan da ka kafin a nuna musu amsa. Ta haka kowa ya sami minti goma sha biyar cif.

A gwada rabin kowane rukuni a ƙarshen darasin farko, sauran rabin kuma a bar su sai bayan mako biyu, domin gwajin kansa maimaici ne, zai iya ɓata lissafi. Kada a sanar da ranar gwaji na biyu. A ba da maki ɗaya ga kowane gida na harafi da aka rubuta daidai, a kuma ƙirga dabam yawan waɗanda suka rubuta 連 a inda aka ce su rubuta sa'a. Ɗaliban da kansu za su fitar da matsakaicin makin kowane rukuni, su zana shi a kan allo kusa da alƙaluman Ebbinghaus na 1885.